Misalin Kawu na Kan Allo

Ranar da aka kafa rumfa a ƙofar gidan Kawu a Mahuta na ga kuka kala-kala, kuma ba kowanne na yarda da shi ba. Matan zumunta na cocinmu sun zauna ta gefen rijiya suna rera waƙa a hankali. Su kam na san da gaske suke, domin su ne suka riƙa kawo masa kunu tun da ƙafafunsa suka fara kumbura. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka jeru a jikin katanga, huluna a hannu. Wata mata 'yar Binuwai, tsohuwar ɗalibarsa, ta shigo ko gaisuwa ba ta yi ba, ta wuce baranda inda allonsa yake, ta dafa shi ta tsaya.

Sai ga mutanen ƙungiyar garinmu sun iso a motoci, kowa da hular anko. Aka kwashe musu kujerun gaba. Ƙanin marigayin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, tun daga bakin titi ya fara ihu, "Yayana! Wayyo Yayana!" har sai da maza biyu suka riƙe shi. Na dube shi na kawar da kai. Mutumin da yayansa ya yi wata da watanni a kwance bai leƙo ba, yau shi ne zai koya mana kuka? Wani babban ma'aikaci da Kawu ya koyar ya kama hannuna yana girgiza kai, wai da ya san jikin ya yi tsanani haka da ya zo. Ya sani mana. Ni da bakina na gaya masa a waya.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. A gidansa na tashi tun ina firamare, ni ce kuma na yi jinyarsa har ya cika. An buga littafin jana'iza mai sheƙi, an cika shi da yabo, amma ba a sa abu ɗaya da ya roƙa ba. Kawu ya ce a binne shi kusa da matarsa a maƙabartar cocinmu da ke Kakau. Shi ne abin da zan rubuta, ko ran wa zai ɓaci.

Kada wani ya ɗauka waliyyi zan zana muku. Kawu masifaffe ne. Gajere ne mai sanƙo, wandonsa kullum da farin alli a gwiwa, muryarsa kuma ta fi jikinsa girma. Malamin Turanci ne a sakandare har ya yi ritaya, kuma bai taɓa yarda cewa aji yana ƙarewa a ƙofar makaranta ba. Idan Rabaran ya karya Turanci a kan bagadi, sai ka ji gyaran murya daga benci na uku, ikilisiya duka ta san an yi ɓari. Akwai Lahadin da Rabaran ya gaji ya ce, "Baba Malam, ko in sauko ka hau ne?" Kawu ya ce, "A'a Rabaran, wa'azin naka ne. Ni Turancin kawai nake wa jaje." Aka yi ta dariya, amma Mama, wato matarsa, ba ta yi masa magana ba har muka iso gida.

Da masaƙu suka rufe, maza da mata suka cika unguwa ba aiki, da yawansu kuma ba takardar sakandare. Kawu ya shafa baƙin fenti a bangon baranda, ya jera benci, ya buɗe lesin ranar Asabar ga duk mai son sake zama jarrabawa. Manya ne ɗalibansa, wasu da furfura, amma haka yake daka musu tsawa kamar yara. Ni ce mai share barandar da goge allo, don haka darussan nan na sha su har sun zame mini ruwa.

Darasin da ya fi so shi ne na jimlolin sharaɗi. Yakan raba allo biyu da layi. A hagu ya ce nan ne "idan" mai tafiya a ƙasa, abin da zai iya faruwa gobe ko jibi. A dama kuma "da a ce", abin da babu shi, sai dai buri ko nadama. Sai ya nuna musu yadda Turanci yake canza kalmar aiki don a gane wanne ake nufi. A dama yakan rubuta If I were the governor, ya juyo ya ce, "Ni ba gwamna ba ne, ba kuma zan zama ba, shi ya sa kuka ga were, ba was ba. Duk wanda ya rubuta mini was a nan, kunnensa zai gaya masa."

Amma ba wannan ne ya bambanta shi da sauran malamai ba. Dokarsa ce. A ajinsa ba a ɗauko misali daga littafi, ba a kuma ƙirƙira. Kowa zai miƙe ya ba da jimla daga rayuwarsa. Abin da ka sa a dama naka ne, ka yi mafarkinka son ranka. Abin da ka sa a hagu kuwa ka ɗaure kanka da shi, don Kawu zai bi ka. Wani mai acaba ya taɓa cewa idan ya ci jarrabawa zai kawo matarsa ajin. Ya ci, ya yi lamo. Kawu ya taka har inda 'yan acaba suke tsayawa a bakin kasuwa, ya tsaya a gabansa yana tambaya da ƙarfi, "Ina matar? Ko jimlarka ƙarya ce?" Asabar ta gaba sai ga ta da sabon biro.

Ita 'yar Binuwai da na ambata, a lokacin doya take sayarwa, mijinta ya rasu ya bar ta da goyo. Da aka zo kanta ta miƙe ta ba da tata jimlar ta ɓangaren dama: da a ce tana da mai riƙe mata yaro, da ta zauna jarrabawa. Turancin ya fita daidai, har an fara tafi. Kawu ya ɗaga hannu.

"Daidai ne, amma ba a nan ya kamata ta zauna ba. Mayar da ita hagu."

Ta ce, "Baba Malam, ai ba ni da kowa."

"Na tambaye ki kina da kowa? Cewa na yi ki mayar da ita hagu."

Ta sake jimlar: idan ta sami mai riƙe yaro, za ta zauna jarrabawa. Ranar jarrabawar duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar ya ga tsoho mai sanƙo a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an ɗaura masa jariri a baya da zanin Mama, yana jijjiga yana yi wa masu dariya masifa. Haka ya yi har aka gama takardun duka. Yau matar nan nas ce, ita ta riƙa zuwa duba masa jini ba tare da an kira ta ba.

Shi ma bai cire kansa daga dokar ba. A shekarun farko misalinsa na hagu a kan gonarsa ta Kakau yake: idan ruwa ya sauka da wuri, zai ba kowa a ajin ɗanyar masara. Kuma yana bayarwa, ni nake rabawa. Misalin ya canza ne a shekarar da Mama ta rasu.

Mama 'yar Filato ce. Ta yi zaman aure da shi tun suna ɗaki ɗaya, ta haifa masa 'ya'ya, ta riƙe ni da wasu 'ya'yan dangi da ba zan ƙirga ba. Duk wanda ya zo Kaduna daga garinmu neman aiki ko asibiti, tuwonta ya ci. Da ta rasu Kawu ya aika gida a shirya mata wuri a gidan mahaifinsu, kamar yadda ake yi wa matan gida. Kawu Ƙarami ne ya kawo amsar dattawa. Wai baƙuwa ce, ba a yi aurenta bisa al'adarmu ba, a coci kawai aka ɗaura, don haka danginta su zo su ɗauki abarsu. Dangin nata suka ce su sun aurar da ita tuntuni, ta miji ce. Mama tana kwance a mutuware, ɗakin ajiye gawa, maza suna ta jefa ta tsakaninsu kamar kayan da aka tsinta a mota.

Ina tsaye da tire a hannu lokacin da Kawu ya miƙe a falo. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Ya ce wa ƙaninsa, "Tuwon baƙuwar nan ne ya kai ka har ka gama makaranta. Tashi ka fita." Ya je wurin Rabaran, aka ba shi wuri a Kakau, muka binne ta. Kafin mu bar wurin ya ja dattijon da ke kula da maƙabartar gefe. A can layi-layi ake binne mutane, wanda ya rasu ya bi na gabansa. Kawu ya roƙe shi ya tsallake wuri ɗaya a gefen Mama. Dattijon ya ce ba a saba yin haka ba, amma ya tsallake.

Asabar ɗin da ya koma aji, ya raba allo, ya rubuta a hagu: If I die in Kaduna, you will bury me beside my wife. Wato idan ya mutu a Kaduna, a binne shi kusa da matarsa. Ajin duka ya zuba masa ido. Ya juyo ya ce, "Me kuke kallo? Ku duba kalmar aiki, ba fuskata ba." Daga ranar bai sake ba da wani misali a hagu ba. Ɗalibai suka zo suka wuce, kowane rukuni ya ji jimlar nan, ya maimaita ta da baki. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, duk zuwan da zai yi daga Abuja sai ya gan ta a bango, har tsokanarsa yake yi, "Baba, ba ka gajiya da wannan misalin?"

To, wannan mutumin ne aka zauna taron iyali a kansa bayan an kai shi mutuware. Maza a falo, mu mata a tsakar gida muna tuƙa abincin da za su ci. Ta taga na ji Kawu Ƙarami yana tsara yadda za a kai gawa gida, da inda makaɗa za su tare ta, da manyan baƙin da za a gayyata. Ba wanda ya ambaci Kakau. Na ajiye muciya na shiga.

Na durƙusa na gaishe su, don Mama ba ta raine ni da rashin kunya ba. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri na shigo. Marigayi ya faɗi inda yake so a sa shi."

Kawu Ƙarami ya dube ni sama da ƙasa. "Ke da wa? Ke ɗiyar mace ce, gidanku daban. Maganar gidanmu ake yi."

Kun ji fa. Lokacin da ake juya shi a gado ana wanke shi, ni 'yar gida ce. Yau da za a yanke inda zai kwanta, na zama ɗiyar mace. Na haɗiye, na ce ba ni kaɗai na ji ba. Na leƙa na kira nas ɗin nan, ta shigo da mai acaba da wasu tsofaffin masaƙa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, duk wanda ya zauna a bencin can ya san wannan magana. Shekara da shekaru yana faɗa mana."

Kawu Ƙarami ya yi dariya, wallahi dariya ya yi. "Haba jama'a! Misalin aji? Abin da ake rubutawa da alli a goge da tsumma? Malami ai komai yana faɗa don yara su gane. In ya ce shi gwamna ne sai mu kai shi gidan gwamnati?"

Nas ta ce, "Baba, shi ba ya ba da misalin ƙarya. Ni shaida ce."

"Madam, mun gode da zuwa. A ba su abinci."

Na juya wurin Rabaran. Ya gyara tabarau ya ce shi ma ya san da wurin da aka tsallake, amma wannan magana ce ta iyali, coci ba ta shiga. Na juya wurin Yaya. Shi ne ɗan fari, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Na ce, "Yaya, kai ma ka sani. Ka faɗa musu." Yaya yana kallon wayarsa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ki bari manya su yi magana." Daga baya ya same ni a bayan gida yana ba ni haƙuri, wai in ya ja da su, shi da 'ya'yansa ba za su sake shiga gari da mutunci ba. Na ce masa mahaifiyarka fa? Ya ce, "Ai Mama ta riga ta huta."

Mutum ɗaya ce a cikinsu ban iya jin haushinta ba. Goggo, yayarsu da ta zo daga ƙauye, tsohuwa tukuf, ta kama zanina ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yata, shi ne na farko da ya yi boko a gidanmu. Kaduna ta cinye mana shi yana da rai. Ki bar mana ko ƙasusuwansa ne, in riƙa ganin wurin in na fito da safe." Na yi kuka tare da ita. Amma na gaya mata gaskiya, na ce Goggo, da kun karɓi matarsa da yanzu ba wanda zai yi muku gardama. Ta saki zanina.

Sauran kuwa na san abin da ya kawo su. Jana'izar babban malami taro ne, za a zo daga ko'ina, za a ba shugaban ƙungiya lasifika, Kawu Ƙarami zai zauna a gaba a matsayin uban gida. Al'adar da ta ce a kai namiji gidan ubansa ita ce dai al'adar da aka rufe wa Mama ƙofa da ita, kuma bakin mutum ɗaya ne ya faɗe su duka biyun. Da yayansa yana numfashi bai isa ya tsaya a gabansa ba. Sai da ya tabbata bakin nan mai tsawa ya rufe.

Da na ga an gama, sai na rage roƙona. Hanyar garinmu ta Kakau take bi. Na ce wa Yaya, tunda za a wuce ta wurin, a ratse da motar gawa cikin maƙabarta, ko addu'a ɗaya ce a yi a gefen Mama, sannan a ci gaba. Ya ce wannan ai ba matsala, zai gaya wa direba.

Ranar tafiya aka sa wa kowa riga mai hoton Kawu. Hoton ma na bikin wani ne aka yanko, yana murmushi kamar mai tallan sabulu, mutumin da ba ya murmushi a hoto. Motar gawa a gaba da jiniya, motocin ƙungiya a baya, mu mata a bas ta ƙarshe. Na zauna a bakin taga ina kallon hanya. Muka fita gari, gonaki suka fara. Na hango mararrabar da ake ratsewa. Na ga motar gawa ta iso ta, ko birki ba ta taka ba, ta wuce da kukanta. Motar Yaya ta bi ta.

Na buga jikin bas na ce direba ya tsaya. Mata suka yi ca a kaina, "Ke lafiyarki? Za ki bar jana'izar wanda ya riƙe ki?" Na ce su je, Allah ya kiyaye hanya. Na sauka, na cire rigar hoton na cusa a jaka, na bi hanyar ƙasa da ƙafa.

Wurin yana nan yadda ya bar shi, fili ɗaya a tsakiyar layi, ciyawa ta ɗan taso. Na zauna a gefen kabarin Mama. Na yi niyyar yin addu'a, amma abin da ya fito daga bakina daban. Na ce, "Mama, ba zai zo ba. Sun wuce da shi yanzu, kin ji jiniyar." Na daɗe zaune a wurin.

Dattijon maƙabartar ya taho da fartanya a kafaɗa. Ya gane ni. Ya dubi hanya, ya dubi filin, ya ce, "Yarinya, Baba Malam ne wancan?" Na ce shi ne. Ya cire hula. Ya ce shekarun nan duka mutane suna yi masa ƙorafi a kan wurin nan, yana ce musu da mai shi. "Yanzu me zan ce musu?"

An ce mini jana'izar ta yi kyau. An yi rawa, an yi jawabai, an ce Kawu mutum ne mai cika magana. Goggo tana ganin kabarinsa kowace safiya, wannan kaɗai nake tunawa in zuciyata ta yi zafi sosai. Ubangiji ya ba shi hutun da mu muka kasa ba shi. Masu ce mini in yafe, na ji, ina kuma roƙon Allah ya kai ni can, amma ban kai ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Bayan damina na koma Kakau in share wa Mama ciyawa. Tun daga nesa na ga layin ya cika. A gefenta akwai sabon tudun ƙasa da ƙaramin gicciye na katako, da sunan wani mutum da ban taɓa ji ba. Dattijon ya hango ni, ya juya ya shige cikin masara. Na share kabarin Mama. Na tsaya ina kallon na baƙon, sannan na sunkuya na share nasa shi ma, tunda shi ne zai kwanta kusa da ita har ranar tashi.